Baba Tukuna da Cajojin da Suka Yi Ƙarya

Kafin mu iso garejin kamfani da safe, Baba Tukuna ya riga ya share gaban teburinsa, ya jera mitarsa ta awon wuta da sukundireba uku da wani tsohon buroshin haƙori. Daga nan sai ya bi layin kekunanmu na haya masu ƙafa uku, masu aiki da caji, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora bayan hannu a kan kowace caja, ya zare filogi ya shinshina. Mu direbobi ne muka laƙaba masa sunan, don ko keke tana hayaƙi ka turo masa, abin da zai fara ce maka shi ne, "Tsaya tukuna." Shekara shida ya yi a wannan teburi, bayan ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran rediyo.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: batir ne na ƙarshe a zargi. Sai ya gwada soket ɗin bango, ya bi waya da yatsa, ya auna caja, ya leƙa bakin da ake jonawa. Ranar da keken Dogo ta ƙi ɗaukar caji, kowa ya ce batir ya mutu, Dogo har ya fara salati. Baba ya sa buroshinsa ya goge tsatsar da ta yi kore a bakin, wuta ta kama nan take.

"Ka wanke ta da tiyo, ka jona ta a jiƙe," in ji shi. "Ai ita ya kamata ta kai ƙararka, Dogo."

Kai ne likitan da ba ya yanke wa majinyaci ƙauna, Baba. Batir nawa ka hana a jefar alhali da sauran ransa, Allah kaɗai ya sani.

Amma ba don buroshi na ɗauki alƙalami ba. Wata huɗu da suka wuce, keke goma sha ɗaya suka shiga wani iskanci. Fitilar caja ta nuna kore, ka fita da ƙwarin gwiwa, kafin azahar keken ta mace maka a tsakiyar titi, fasinja na zaginka har iyayenka. Manaja ya ce mu muka kashe batiran da lodin da ya wuce kima. Ya liƙa sunayenmu a ƙofar ofis, ya ce ƙarshen mako mu ajiye makullai. Sunana ne na huɗu, ga baki shida a gidana suna jiran abin da keken nan za ta kawo.

Baba ya roƙi kwana biyu. Bai taɓa batir ko ɗaya ba. Abin da ya tambaye mu kawai shi ne wace caja kowa ke amfani da ita, sai ga shi dukanmu da sababbin da manaja ya kawo muke amfani. A ido ba ka bambanta su da tsofaffin, amma da ya ɗora musu mita, ƙarfin wutar da suke bayarwa bai kai na kekunanmu ba. Batir na rabi sai su kunna kore, su kwanta abinsu.

Da kunnena na ji manaja ya ja shi bayan ofis yana cewa, "Haba Baba, ka ce batir ne kawai, kowa ya huta."

"Ranka ya daɗe, mitar nan ba ta iya ƙarya ba," in ji Baba. "Ni kuma na tsufa da koyo."

A gaban mai kamfani ya jona wa kekena tsohuwar caja, ta sha wuta ta ƙoshi, na yini ina aiki ba ta yi ko tari ba. Aka yage takardar sunayenmu. Muka ɗaga Baba sama muna ihu, muna rantsuwa cewa mun zama 'ya'yansa.

'Ya'ya fa! Bayan mako shida aka liƙa wata takardar: duk wanda ba shi da shaidar makaranta, kada ya sake taɓa wayar kamfani. Mutum ɗaya tak wannan doka ta shafa, kuma kowa ya san dalili. Manaja yana nan daram a kujerarsa har yau.

Ranar da Baba ke zuba kayansa a buhu, mu goma sha ɗayan nan duk muna garejin. Dogo ya sunkuya yana duba taya mai lafiya. Ni kuwa na dage ina goge gilashin da na riga na goge, don tsoron kada manaja ya gan ni kusa da shi. Da ya zo wucewa ta gefena sai ya tsaya.

"Ɗana, ka daina jona ta da zafinta," ya ce. "In ka dawo, bar ta ta huce."

Abin da ya faɗa ke nan, ya saɓa buhunsa ya fita. Kunyar ranar ba ta sake ni ba.

Baba, kai ne ka sayar da teburinka ka saya mana makullanmu. Mun gode, ko da yake godiyar ta zo a makare, kuma a takarda, inda ba ta da haɗari. Allah ya ba ka abin da muka kasa ba ka.

Ku masu gyara da ke tasowa, yanzu yana ƙofar gidansa da mitarsa. Ku je ku zauna kusa da shi, ku koyi haƙurinsa da gaskiyarsa. Halinmu kuwa, don girman Allah kada ku koya.