Yaya Habsu da Safiyar da Na Kwantar da Ita

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayata Habsu, amma har yau in na ji ƙarar birki a bakin kasuwar Wadata sai in tuna da safiyar nan.

Lambu gare ta a Gudel. Kowace safiya ni nake ɗauko ta a moto da kwandon salati, in kai ta kasuwa. Kaske, wato hular kwano, ɗaya gare mu, kullum kuma sai ta ce ni zan sa, tunda ni ke gaba. Ban taɓa yi mata gardama ba.

Ran nan mai pus-pus, amalanken turawa, ya kutso mana daga lungu. Na kauce, moto ta zame, Yaya ta bugu da fuska a bakin kwata na siminti. Da na miƙe na iske ta zaune, ta duƙar da kai, jini na zuba ta baki da hanci, haɓarta ta karkace. Da ranta, har tana riƙe da hannuna. Tsoro ya sa na kwantar da ita rigingine don ta huta. Ta yi ta yunƙurin tashi, ni kuwa ina dannan kafaɗarta ina cewa ta yi haƙuri. A taksi ma haka na riƙe ta, fuska sama. Kafin mu kai likita numfashinta ya tsaya.

Lokotoron da ya duba ta bai zarge ni ba. Ya ce ƙashin muƙamuƙi ne ya karye, kuma irin wannan ana gyara shi. Abin da ke kisa shi ne jini da harshe in suka koma baya suka toshe maƙogwaro. "Wanda ya ji ciwo a fuska, in ya zauna da kansa a bar shi zaune," in ji shi. "In ya suma, a juya shi gefe a hankali, a tallabe wuya, kada a ba shi ruwa." Rashin sani ya fi dare duhu. Ajali na Allah ne, na yarda, sai dai hannun nawa ne.

Da Yaya za ta leƙo Yamai yau, ban san me za ta ce ba. Motoci masu ƙafa biyu sun cika gari, mace da goyo a baya, kaske rataye a hannu kamar jakar cefane. Ina jin za ta yi dariyarta ta ce tsorona ya yi yawa. To, wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Ɗiyarta Zara'u, wadda na riƙa tun tana shekara goma sha ɗaya, yanzu tana koyon aikin jinya, da motonta take zuwa lakwal, wato makaranta. Takan ce, "Kawu, kallon me kake yi mini haka?" Maɗaurin kaskenta nake dubawa, kuma ba na samun sukuni sai ta shigo gida.

Lambun yana nan, tausayin Yaya yana nan a hannun yarinyar. Abu ɗaya ne ban taɓa faɗa wa Zara'u ba: yadda uwarta ta so tashi na hana ta. Na kasa faɗa da baki. Yau za ta karanta a nan, ni kuma ina gida ina jiran ta. Allah ya jiƙan Yaya Habsu, ya sanyaya makwancinta.