Abokiyar Musu

Kakata Tumba ba ta taɓa ƙarasa mana tatsuniya ba. A ƙauyenmu na kusa da Hajj Abdalla a Sudan, idan an tuge karan auduga a gonaki, da shi take hura wuta bayan magariba. Mu jeru a tabarma, ni da ƙanwata Hajara kafaɗa da kafaɗa, ita kuma tana bisa angarib, gadonta na igiya, tana murza gwiwarta mai ciwo.

Akwai ɗaya da ba ta bar kaina ba. Wani saurayi ne mai zafin rai, har uwarsa tsoronsa take ji. Ya faɗo daga raƙumi a wata ƙasa mai nisa, kansa ya bugi dutse, ya farka bai san ko sunansa ba. Wata tsohuwa marar ɗa ta yi jinyarsa, ta raɗa masa suna. Ya zama mai sanyin hali, shi ke ɗebo mata ruwa. Bayan shekaru uwarsa ta iso tana cigiya, ta gane shi da tabon goshi. Shi kuwa ya yi mata gaisuwar baƙuwa.

Nan Kaka take tsayawa. "To, ku hwaɗi mani, ɗan wa na?"

Na ce na uwarsa ne, jini ba ya zubewa don an faɗo daga raƙumi. Hajara ta ce, "Ke dai kanki ne dutsen! Wanda uwar ta haifa ai ya mutu a wurin." Mu yi ta yi har wuta ta koma toka. In muka roƙi Kaka ta raba mu, sai ta ce, "In na hwaɗi, gobe kun manta. Abin da kunka yi musu a kai shi ka zama."

Da damina zazzaɓi ya ɗauke Hajara. Kaka ta sake kawo labarin, ta yi tambayarta, na ba da amsata, babu wanda ya ƙaryata ni. Ban ƙara zama bakin wutar nan ba.

Ni ban taɓa shiga aji ba, amma jikata Iklas ta kai jami'a a Madani, tana karatun likita. In ta zo hutu ba ta da zance sai na malaminsu na ƙwaƙwalwa. Wai yakan zaunar da su a kewaye, ya kawo labarin majinyaci, ya naɗe hannu ya bar su da musu. Ita da ƙawarta Tahani ba su taɓa yarda da juna ba. Na ce a raina, ashe Tumba ta bar magaji.

Yaƙi ya watsa su. Mu mun iso Damazin, Tahani ta rasu a hanya. Yanzu darasi ta waya yake zuwa, murya ɗaya tana ta zuba. Ina lura da Iklas, littafinta a buɗe kan hoto ɗaya kullum. Rannan ta rufe shi, ta kira ni Haboba, wato kaka da Larabcin nan, ta ce, "Halas, shi ke nan, na bari. Ba abin da ke shiga."

Na ce, "Ɗauko tabarma. Me mutumin wayar ya ce yau?"

Ta faɗa a daƙile, rabi Larabci, wai akwai wuri a bayan goshi, in ya ji rauni halin mutum yakan sauya.

"Ƙarya ne. Hali a zuciya yake."

"Haba Haboba! Zuciya jini take turawa!"

"Wa ya buɗe ya gani?"

Ta gyara zama, ta jawo littafin, ta kama goshina tana nuna mini, murya na hawa. Har dariya ta yi, ta juya hagunta ta ce, "Kin ji wai, ya Tahani…"

Ba kowa a wurin. Na bar ta ta yi kukanta, don na san wannan gefen tabarmar. Da ta tsagaita na ce, "Ban yarda ba tukuna. Gobe ki zo da hujja."

Ta zo da ita. Ina sauraron ta na gane Hajara ce mai gaskiya tun farko, ga shi ba inda zan same ta in gaya mata. Na haɗiye maganar, na dubi Iklas na ce ƙarya ne.