Ƙaiƙayin Gero

Ƙarar reza a jikin fensir na fara ji, ƙirit, ƙirit, daga bayan labule. Ina tsakar gida bayan la'asar ina murza ƙuli-ƙulin sayarwa, sai na leƙa na tarar da babbar 'yata a bakin gado, ta jera fensira a cinya tana feƙe su ɗaya bayan ɗaya. Ƙanwarta, autar gidan, tana ƙasa tana tsince ɓawon tana tarawa a gwangwanin madara. Jarrabawar shiga jami'a kuwa da sauran watanni. Na ce ai kafin ranar sun ƙare. Ta yi dariya, ta ce da fensir ake cike ɗan akwatin amsa, shi ya sa take sabar wa hannunta.

'Yar fari ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" nake cewa ta amsa. A Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, aka haife ta. Ni daga gida aka kawo ni, wato Arewa, bayan na gama sakandare, kuma ko bayan na tara 'ya'ya a Ibadan idan muka ce gida can muke nufi. Yarinyar lauya take son zama. Tun tana firamare ba a kayar da ita a gardama, ko da Hausa ko da Yarbanci.

Babansu fataucin goro yake yi. Da maganar jami'a ta fita, abokansa na bakin masallaci suka sa shi gaba, wai ya zauna cikin Yarbawa har ya fara tunani irin nasu. A gabansu ya yanke magana: sau ɗaya za ta zauna jarrabawar, in ba ta ci ba ta tafi shagon ƙanwarsa a unguwar Mokola ta koyi ɗinki. Haka ya dawo ya faɗa mana.

Ranar da ta kawo masa takardar neman shiga ya sa hannu, sai ya sa ta karanto darussan da ta zaɓa. Turanci dole ne, sai adabin Turanci, sai ilimin mulki, na ƙarshe Yarbanci.

"Yarbanci? 'Yar tawa?" Ya ajiye kofin shayi. "Babu Hausa ne a ciki?"

Ta ce akwai, amma a makarantarsu ba malamin Hausa, Yarbanci ake koya musu tun aji ɗaya, kuma ita ke zuwa ta ɗaya a ciki. Ya ce abin da ta sha a nono ba ya bukatar malami, maki ne Allah ya ba ta kyauta take neman zubarwa. Ta juyo ta kalle ni. Ni ma a lokacin gani nake sauƙi aka nema mata. Ta goge, ta rubuta Hausa.

Sai da direban motar goro ya dawo daga Kano da tsofaffin tambayoyin jarrabawar muka san inda muke. Takardun har ƙanshin ganyen goro suke. Ta zauna a tabarma ta buɗe shafin farko, yatsanta ya tsaya a layi na biyu. Ta tambaye ni me ya karya wa wannan harafin wuya. Ƙ ce mai lanƙwasa. Ba ta taɓa ganinta a rubuce ba, kuma sai a ranar na lura ba ta cikin bakinta ma. Ƙasa da kasa duk ɗaya ne a wajenta. Ina zaune da ita shekara da shekaru tana cewa a rufe kofa, kunnena ya saba har ya daina ji.

Daga nan muka mai da bayan sallar asuba lokacin karatu, kafin ta tafi lesin. Harufan ba su ba ta wahala ba. Kalmomin ne matsalar. Tambayoyin na mutanen da suka tashi kusa da rumbu ne, suka ga ana daɓe, suka san kayan saƙa da sunan kowane sashe na garma. Ita kuwa buhun hatsi ta sani, daga kasuwar Shasha ake kawo shi a bayan mota.

Wata safiya muka zo kan tambayar da ke neman sunan abin da iska ke ɗauka idan ana sheƙar hatsi. Ta zaɓi dusa. Na ce ƙaiƙayi ne. Ta sosa hannunta tana kallona.

"Umma, ba shi ne wannan ba, abi?"

Na ce shi ma ƙaiƙayi ne, amma akwai na gero. Ta ce ita ba ta taɓa ganin gero yana susa ba. Autar ta fashe da dariya, ni ma na yi. Na tashi na ɗauko ƙwarya biyu da gero, na ce su fito in nuna musu sheƙa. Na ɗaga ƙwarya sama na zubo. Geron ya sauka tas, ba abin da ya tashi, domin tun daga gida aka gyara shi kafin a zuba a buhu. Iskar ma babu, sai damshin Ibadan da ke manne wa mutum a wuya, ga rufin kwanon maƙwabta ya kewaye mu. Na sake ɗagawa, na sake. Ta tsaya riƙe da fensir tana jiran ta ga abin da zai tashi. Daga baya ta ce in bari, za ta haddace kawai.

Na sami babansu da maganar. Bai yi faɗa ba. Ya karɓi takardun, ya sa na karanta masa tambaya guda a kan nahawu, ya ce wannan Hausar 'yan boko ce. Washegari ya je ya tambaya ko ana canja darasi, aka ce an riga an rufe. Tun daga ranar duk motar da za ta dawo daga Arewa sai ya yi sautun littafi, ya miƙo mini ba tare da ya kalli yarinyar ba.

Ta haddace. Tana wanke-wanke tana maimaita kalmomi, tana matse maƙogwaro don ƙ ta fita. Ta rame. Na yi sadakar waina ranar Juma'a, na karɓo mata rubutu wajen malamin unguwa, duk sujada sai na saka ta. Sau da yawa na so in jawo ta jikina in ce sannu, kunyar 'yar fari ta hana, sai dai in ƙara mata nama a miya in kau da kai.

Ranar jarrabawar da ruwa aka tashi. Ta shiga danfo, motar haya, da fensiranta a leda, ta dawo da yamma mayafinta a jiƙe. Ta ce sauran darussan alhamdu lillahi. Hausar kuwa an kawo baitocin waƙa da ko rabinsu ba ta gane ba, ta dai cike akwatunan da bismillah. Tana cire takalmi ta ƙara da cewa ƙaiƙayin ma bai fito ba.

Da sakamako ya zo, haka aka gani. Uku sun yi kyau, Hausa ta ja ta ƙasa da makin da ake nema. Ƙawarta Bayarabiya, wadda take zuwa gidanmu a yi mata aikin gida na Yarbanci, ta samu shiga. Na roƙi babansu sau ɗaya ya bari ta sake baɗi. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce a gaban maza ya yi magana. Ita ba ta roƙa ba. Ranar Asabar ta ɗauki almakashi ta nufi Mokola. Har yau tana ɗinki, hannunta na da kyau, kuma duk Sabo ba wanda ke fitar da ƙ kamar ita. Ni ce ba na son ji.

Bayan ta fara zuwa shago, wata rana ina shara na jawo ledar fensiran daga ƙarƙashin gado, wasu ko taɓa takarda ba su yi ba. Na zauna a bakin gadon da su a hannu. Autar ta shigo da gwangwaninta, ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa, ta matso kusa da kunnena.

"Umma, ki ɓoye min su. Amma ni Yarbanci zan rubuta, kar ki gaya wa Baba."