Kwalayen Baba na ɗakin baya

Mahaifinmu mai hoto ne. Mutanen unguwa Kar-ka-motsa suke ce masa, domin abin da yake faɗa ke nan kafin ya danna kyamara, ko da jariri ne a gabansa. Shagonsa ɗaki biyu ne a bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da magani. A ɗakin gaba akwai labule mai zanen teku, da kujera mai hannu, da madubi da mataji a rataye. A ɗakin baya yake wanke hoto a ƙarƙashin jan ƙwan fitila.

Ba mutum ne mai sauƙi ba. Wani ya taɓa dawo da hotonsa yana ƙorafin ya yi baƙi, Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Malam, yadda ka shigo haka na ɗauke ka. Ban ƙara maka komai ba.” Amma duk faɗansa mutane suna zuwa, don in ya ɗauke ka har zaren rigarka sai an gani.

Kuma bai taɓa zubar da nagatif ba, wato ɗan fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa. Kowane hoto ya wanke, sai ya sa nagatif ɗin a ambulan, ya jera a kwali, ya ɗora a kanta. Kwalayen sun kai rufi. Umma takan ce in gobara ta tashi, su Baba zai fara fitarwa, sannan ya dawo ya duba ko muna nan.

Da kowa ya samu waya mai kyamara ciniki ya mutu. Baba ya ci gaba da buɗe shago duk da haka, yana ɗaukar fasfo jefi-jefi. Sai yanar ido ta rufe masa gani, aka yi masa aiki, na ɗauke shi ya yi jinya a gidana. A lokacin ne Yaya, babban wanmu, wanda ke sayar da caja da rigunan waya, ya zo da maganar ɗakin baya. Wai kayansa sun yi yawa, ba shi da wurin ajiya.

“Baba, duk hotunan nan zan sa maka su a kwamfuta,” in ji shi. “Ɓera ba zai ci ba, laima ba za ta taɓa ba.”

Baba yana kwance da bandeji a ido ya ce, “Ka sa su inda ka ga dama. Amma kwalayena su zauna inda suke.”

Ina wurin. Da kunnena na ji.

Bayan Baba ya warke ya koma shago, ɗakin baya a kulle, makulli yana hannun Yaya, kullum da uzurin da zai kawo. Ana nan sai ga wata mata, malamar asibiti, ta shigo da idanu jajur. Mahaifiyarta ce ta rasu. Ta ce tun tana yarinya Baba ya ɗauki tsohuwar a kan kujerar nan, hoton ya ɓace a wajen tashi daga gida zuwa gida, ba su da wani na ƙuruciyarta. Tana so a wanke mata babba ta rataye a falo.

“Yana nan,” in ji Baba. “Tunda ni na ɗauka, yana nan.”

Ya aika aka kira Yaya, ya sa shi buɗe ɗakin. Kwalayen caja ne tun daga ƙasa har sama. Yaya ya laluba aljihu ya ciro filash, abin ajiyar hotunan kwamfuta, ɗan ƙarami kamar ɗan yatsa, ya miƙa masa yana murmushi.

“Ga su nan duka, Baba.”

“Ina kwalayen?”

“Ai sun gama aikinsu. Na ba masu kwasar shara.”

Baba ya karɓi filash ɗin. Ya kira ni a waya ya ce in zo in raka shi inda ake buga hoto da inji. Muka je wani shago a babban titi, wurin wata mata mai gilashi da ke zaune a bayan kwamfuta. Muka yi ta duba hotuna har Baba ya nuna na tsohuwar. A allon kwamfuta ya fito ɗan ƙarami, kyakkyawa, mace ce doguwa ta ɗora hannu a kan kujera.

Mai gilashin ta danna wani wuri, ta yi tsaki a hankali. “Baba, wannan ba zai yi babba ba. Wanda ya kwafe shi ya sa injin a mafi ƙanƙantar awo. Hoton kwamfuta ɗigo-ɗigo ne. In za a buga a takarda ana son ɗigo kamar ɗari uku a kowane inci. Ɗigon da ke cikin wannan bai wuce na fasfo ba.”

“Ki ƙara masa girma.”

“In na ja shi, ɗigon ne za su yi girma. Abin da ba a kwafo ba, ba ni da inda zan samo shi. Ina nagatif ɗin? In yana nan, yanzu sai in fitar maka da shi girman ƙofa.”

“Buga min,” in ji Baba. “Ina so in gani da idona.”

Ta buga. Takardar ta fito a hankali, fuskar matar ta zama murabba'i-murabba'i kamar tayil ɗin banɗaki, idanun nan biyu sun zama tabo, ba a ma bambance ɗankwali da labule. Baba ya riƙe takardar yana kallo. Mai gilashin ta buɗe wasu hotunan ɗaya bayan ɗaya ko za a dace. Duk haka suke.

A bakin shago muka tarar da Yaya yana sauke kaya. Baba ya manna masa takardar a ƙirji.

“Waye wannan? Faɗa min, uwar waye wannan?”

“Baba, a waya fa yana fita tas. Ni na ce a rage su don duk su shiga filash ɗaya, in ba haka ba aikin ba zai ƙare ba.”

“Na ce ka taɓa kwalayena? Na ce ka taɓa? Ina kwance ba na gani, ka kwashe aikin rayuwata ka ba motar shara don ka jera igiyoyin caja!”

Mai faci ya ajiye taya ya taso, mai magani ya leƙo. Yaya ya ga mutane sun taru, sai ya faɗi maganar da har yau ban yafe masa ba.

“Haba Baba, hoto ne fa. Ba mutum aka kashe ba.”

Baba ya shiga ɗakin baya ya fara jefo kwalayen cajar waje ɗaya bayan ɗaya, mutumin da likita ya hana ɗaukar abu mai nauyi. Ban hana shi ba. Na ma taya shi da manyan. Ya karɓe makullinsa ya sa a aljihu.

Washegari da kansa ya je asibitin ya sami matar, ya faɗa mata gaskiya. Ta karɓi ɗan ƙaramin da ya yiwu a buga, ta yi godiya, ta sa a jaka. Baba ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Na ɗauka zai rufe shagon. Sai ga shi kullum yana zuwa wurin mai gilashi, yana zaune a gefenta yana tambaya, yana musu, har ya iya aiki da sikana, injin kwafe hoto zuwa kwamfuta. Mijina ya samo masa nasa. Daga nan ya shiga bin gidajen tsofaffin abokan cinikinsa, yana roƙon aron duk hoton da ke da hatimin shagonsa a baya. Wasu suka ba shi, wasu suka ce sun zubar tuntuni, wata tsohuwa ta ce sai dai ya kawo injin gidanta don ba ta rabuwa da hoton mijinta. Ya kai. Kowanne yana kwafewa a awo mafi girma, ya ajiye wuri biyu, ya buga gwaji a takarda ya duba da gilashin ƙara girma kafin ya mayar wa mai shi. Abin da ya tattara bai cika kanta ɗaya ba, kuma ya san kwafin takarda ba zai taɓa kai nagatif ba. In ya tuna, sai ka ji yana faɗa shi kaɗai a ɗakin baya.

Yanzu in ka kawo masa hoton da aka turo maka ta waya, aka sake turawa, ba zai buga ba. Zai ce ka koma wurin wanda ya ɗauka ka karɓo na asali, in ka yi gardama ya nuna maka ƙofa.

Yaya kuwa har yau bai ba da haƙurin kirki ba. Cewa yake yi taimako ya yi niyya. Umma ta gaji da gaisuwar da ba ta wuce “lafiya lau” tsakaninsa da Baba, ta sa shi ya kwaso 'ya'yansa ya kawo su shago a ɗauke su hoto da kakansu. Baba ya jera jikokin, ya gyara wa wannan kwala, ya share wa waccan hanci, ya miƙo min kyamara ya zauna a tsakiyarsu. Yaya ya matso zai tsaya a bayansa.

“Kai,” in ji Baba, ko juyawa bai yi ba. “Matsa can. Kana tare haske.”

Yaya ya dube ni ko zan sa baki. Na ɗaga kyamara na jira har ya fita daga ciki, sannan na danna.