Zoben da Yayata Ta Tsinto a Rafi

Ina yarinya, tun Turawa ba su tafi ba, yayata ta dawo daga rafi da tsakar rana ba tulu a kanta. Ta zauna a tsakar gidanmu na Zangon Kumasi, idanunta a kafe, ta fara magana da muryar namiji, cikin yaren da ba ta taɓa koya ba.

Inna ta riƙe ni gam, tana kuka. Baba ya yi ta karanta Ayatul Kursiyyu, muryar da ke fita daga bakin yayata kuwa sai ƙara kauri take yi.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai sayar da koko ta leƙo, ta saurara, ta ce, "Malam, yarenmu na Moshi ne. Aljanin rafi ne, ya ce kayansa ne ta ɗauko."

"Me ta ɗauko?" in ji Baba.

Tsohuwar ta buɗe yatsun yayata da ƙyar, sai ga zoben tagulla.

Baba ya karɓi zoben, ya ruga rafi ba ko takalmi, ya mayar da shi. Kafin ya dawo, barci ya kwashe yayata. Da ta farka, da Hausa ta tambayi Inna abin da ya sa take kuka.