Tsagar da Aka Goge a Katin Sallah

Hoton maigidana guda ɗaya ne tak a duniya. Ran kasuwar Ajingi aka ɗauke shi, wata shekara da gyaɗa ta yi kyau. Mai hoto ya kafa baƙin ƙyalle a jikin bango, shi kuma ya zauna a benci da doguwar hularsa, ya haɗe rai kamar an kira shi gaban alƙali. Daga ranar bai ƙara yarda an ɗauke shi ba har Allah Ya karɓi abinsa. Mutanensu daga gabas suka zo tun zamanin kakanni, Barebari ne. Yaren ya ɓace musu, amma tsagar gado ba ta ɓace ba: dogaye a kumatun biyu, ɗaya kuma ta sauko daga goshi zuwa karan hanci. A kansa da ƙannensa aka daina. 'Ya'yanmu ko ɗaya wanzami bai taɓa masa fuska ba. Hoton nan a ƙasan adakata yake, a naɗe cikin tsohon ɗankwali, shekara ashirin da ɗoriya ba wanda ya fita da shi daga ɗakina.

Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, amma abin da na gani da idona ba mai gaya mini yadda aka yi shi.

Jikata ce, 'yar ɗana na biyu, ta dawo gida nan Gaya daga kwaleji a Kano cikin azumi, ta dawo da sana'a. Wai wata ƙawarta Kirista da suke ɗaki ɗaya take yin katin gaisuwar Kirsimeti da hannu tana sayarwa, ita kuma ta zauna ta koya, ta ce za ta yi wa dangi na Sallah. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa, ta baje kwali kala-kala, almakashi, reza, gam, da wani ƙyalƙyali mai bin mutum har cikin tuwo. Na ja kujerata na zauna ina kallo, don ni ba a yin abu a tsakar gidana ban san kansa ba.

Gaskiya hannunta yana da kyau, ba zan rage mata wannan ba. Za ta ninke takarda gida huɗu, ta ɗan ciccije ta da bakin almakashi, ta warware sai ga fure. Ta yanka ƙubbar masallaci da jinjirin wata ta manna a tsakiya, in ka buɗe katin sai su miƙe tsaye, in ka rufe su kwanta. Rubutun kuwa a waya take tsara shi, tana dannawa tana jan yatsa, sannan ta kai shagon kwamfuta da ke kusa da tasha a buga mata, ta dawo ta yayyanke ta liƙa. Ni nawa shi ne in sa ta tsince duk guntun da ke da rubutun Larabci, kada ya faɗa shara. Boko ban iya ba, amma sunan Allah ko a juye na gan shi na san shi.

Ana saura kwana biyar Sallah ta zo ta durƙusa a gabana tana murmushin da na san ba na banza ba ne.

"Iya, hoton mijina nake so ki ara mini."

"Wane mijin naki?"

"Wanda kika ɓoye a adaka mana. Ai nawa ne, riƙo kawai kika yi mini."

"Ke tafi can. Da ya ga wannan ƙafar taki kamar sillen kara, da ko sadaka aka ba shi ba zai karɓa ba."

Ta ce so take ta sa fuskarsa a cikin kowane kati, a tsakiyar furen, don jikoki da yawa ba su san shi ba. Na ce a'a. Washegari ta turo mini ubanta. Ya zauna a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce, "Iya, yini ɗaya ne fa. Injin ne zai haska shi kawai ya ɗauki kamarsa, ko taɓa shi ba za a yi ba." Wannan magana ta ko taɓa shi ba za a yi ba, ita ta sa na buɗe adaka. Har yau in na tuna da hannuna na miƙa, sai in ji kamar in mari kaina.

Yini ɗaya ya zama uku. Na tambaya, aka ce babu wuta a shagon. Na sake tambaya, aka ce layi ya yi yawa, kowa na buga katin biki na bayan Sallah. Sai ran jajibere hotunan suka iso, lokacin ina tsaye a kan masu suyar kaji, ba ni da idon kallon takarda. Ta shige ɗaki ta manna su, ta zuba kowane kati a ambulan ta liƙe baki. Talatin da biyu ta yi. Da safen Sallah ta kawo mini nawa da hannu biyu a gaban surukaina da 'ya'yana, tana jira in buɗe. Ni zan zauna ina kallon hoton miji a gaban 'ya'yan da na haifa? Na karɓa na tura ƙarƙashin filo. Na ce, "Ina na ainihin?" Ta ce, "Gobe, Iya."

Washegarin Sallah na shiga mota na tafi Ajingi gaida ƙanwar maigidana. Ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, kuma ita ma da tsagar a fuskarta, ta lotsa cikin tamoji amma tana nan. Na kai mata katinta da kaina. Muka gaisa, ta zuba mini fura, ta tsokane ni wai har yanzu ban biya kuɗin ruwan da na sha a gidansu ina amarya ba. Sannan ta yage ambulan ɗin da haƙori, masallaci ya miƙe, ta yi dariya kamar yarinya. Sai ta kai katin kusa da ido, ta nesanta shi, ta fita da shi bakin ƙofa inda haske yake.

"Matar yaya, wannan wane Balaraben ne kuka kawo mini?"

"Wane irin Balarabe? Yayanki ne."

"Yayan wa? Ni dai ba nawa ba."

Na fizge katin. Hular tasa ce, rigar tasa ce, har ɗinkin wuyan da na sani. Amma fuskar sumul take kamar ƙwai. Ba tsaga ko ɗaya. An yi masa fari, an gyara masa hanci, an cike masa kumatu, mutumin da ya yi shekara hamsin rana na dukansa a gonar gero ya koma kamar mai tallar man shafawa. Ƙanwar tasa ta zauna a bakin gado ta kama kumatunta da hannu biyu.

"Ashe kunyarmu kuke ji," ta ce. "Da kun faɗa tun yana da rai."

Maganar nan ta fi mari zafi. Shekara hamsin muna tare da matar nan, ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini kallon bare ba sai ranar. Furar ban ƙarasa ta ba. Na yafa mayafina na koma tasha, a motar ma wata ta ce in matsa na kusa cinye ta ɗanya.

Ina shiga gida na kira yarinyar, na buɗe katin a gabanta.

"Wane ne wannan?"

"Kaka ne mana, Iya. Ba ki ga yadda ya fito tas ba? Mai shagon ya ce hoton duk ya karce, shi ne ya sa kwamfuta ta share."

"Ya karce."

"E, wasu layi-layi a fuskar."

"Ke da kike zuwa Ajingi tun kina goye, ba ki taɓa ɗaga ido kin kalli fuskar ƙanwar kakanki ba? Ita ma karcewa ta yi?"

Sai ta kai hannu bakinta. Uwarta ta fito daga madafa tana cewa a yi haƙuri, yarinta ce. Na ce mata ta koma kan tukunyarta, mai shekara ashirin da biyu ba yarinya ba ce, a shekarunta ina da 'ya'ya uku. Na ce a kawo mini hotona yanzu-yanzu. Nan ne ta ce yana shago, ta manta ba ta karɓo ba.

Ban aiki kowa ba. Na sa ta a gaba muka shiga a-daidaita. Shagon a buɗe yake, janareta na ta ihu, mai shi na zaune a bayan tebur da sabuwar shaddar Sallah, mutum ne da gemunsa, ba yaro ba. Ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya, barka da Sallah." Na ce ya riƙe barkarsa, hotona na zo karɓa. Ya buɗe durowa, ya rufe. Ya ɗaga takardu, ya leƙa bayan injin. Sannan ya ce, "Hajiya, ai sabon ya fi tsohon kyau nesa ba kusa ba. In kina so in buga miki babba, a sa a gilashi, kyauta."

Na jawo bencin masu jira na zauna a tsakiyar ƙofa, na miƙe ƙafa. Na ce ba mai shiga ba mai fita sai na ga abina. Mutum biyu suka zo da aikinsu, suka ga fuskata, suka tsaya daga waje. Ya zazzage kwalin tarkacen takardu a ƙasa, jikata ta durƙusa suna tonawa tare. Can wajen la'asar ta ɗago shi daga cikin ɓatattun katunan bikin wasu.

Na karɓa. Kuncin hagu yana nan da tsagarsa, ta goshi ma tana nan. Kuncin dama kuwa babu. Wani farin tabo ne a wurin, kamar girman kan babban yatsa, takardar ta tashi ta yi gashi-gashi.

"Me ya sami nan?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce da farko ya zaci datti ne, shi ne ya ɗiga wa auduga sifirit ya ɗan goga, da ya ga fentin na fita sai ya bari.

"Ɗan nan, kai ɗan ina ne?"

"Ɗan garin nan ne, Hajiya."

"A garin nan aka haife ka, ba ka taɓa ganin Babarbare ba? Kakarka ba ta da tsaga? Ka ga layi a jere, tsawonsu ɗaya, hagu da dama daidai, ka ce karcewa ce? Wace irin kyanwa ce take yaƙushi da awo?"

Na waje suka fashe da dariya. Ni ba dariya na zo yi ba, na juya na harare su suka haɗiye. Ya yi ta ba da haƙuri, ya ce wallahi mutane ne ke cewa a gyara musu, kowa so yake ya fito fari sumul, shi ya saba ke nan. Na tambaye shi ko hoton da injin ya fara ɗauka kafin a share yana nan, ya ce sai da ya goga ya haska, kuma gyararren ya hau kan na farkon ya shafe shi. Sai ya kawo wata dabara: wai zai iya kwafo tsagar hagu ya ɗora a dama, ba mai ganewa.

Na ce, "Ni zan gane." Ta dama ba irin ta hagu ba ce, ɗaya a ciki ta ɗan karkace, don ya motsa a hannun wanzami yana jariri, uwarsu ce ta gaya mini. Wannan kwamfutar ba ta sani ba, shi ma bai sani ba, kuma yanzu ba inda ta rage sai a kaina da kan tsohuwar da ke Ajingi. Na ce ya haska shi yadda yake, da tabon da komai, ina tsaye a kansa, hannunsa kuma kada ya kusanci wannan abin da yake turawa a kan tebur sai na ce. Haka aka yi. Ya buga talatin da biyu, na ƙirga da kaina, na sa hotona a cikin rigata muka fito.

Kwana shida yarinyar nan ta yi tana bin gidajen dangi, Gaya da Kademi da Ajingi, da rezarta da gam ɗinta a jaka. Ta karɓi kati, ta ɓanɓare baƙon, ta manna kakanta, ta yi bayani da bakinta a kowane gida. Ubanta ya ce abin ya yi yawa, na ce shi ma da ƙafarsa lafiya ya raka ta. Ajingi kuwa tare muka je. Ƙanwar maigidana ta daɗe tana kallon sabon, ta shafa kuncin hagu da yatsa, ta ce, "To, rabinsa ya dawo." Ta ba yarinyar gyaɗa soyayya, amma ni ba ta tsokane ni ba ranar, kuma sai da aka yi wata biyu kafin ta sake.

Ashirin da bakwai aka samo. Biyar sun riga sun bi baƙin Sallah, wasu Kano, wasu har Maiduguri. An buga musu waya an gaya musu, sun ce to. Ɗaya daga cikinsu, matar jikana ce, har cewa ta yi ita wancan ya fi mata kyau, ta riga ta jingina shi a kan talabijin, tana nuna wa 'ya'yanta tana cewa ga kakan babanku. Na aika mata cewa ranar da na shigo Kano gidanta zan fara sauka, kuma da rezata zan zo.