Hayaƙin Bayan Katangarmu

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ban ga ranar da zan manta da binciken ɓarawon da muka yi wa ɗakin mahaifinmu ba.

Baba shi ne ladanin unguwarmu, a wani ƙauye kusa da Ɗambatta, kuma duk duniya ba shi da abokin gaba kamar mashayin taba. Ko gaisuwarsu da ƙyar yake amsawa. Sai ga tari ya sa shi gaba, har ya fara tofar da jini. Muka kai shi asibiti Kano, aka ce kansar huhu ce. Likita ya tambaya ko yana shan sigari. Tambaya fa kawai bawan Allah ya yi, amma kafin mota ta sauke mu, gari ya ɗauka, wai ashe ladan a ɓoye yake busawa. Mashayan da ya addaba suka riƙa zuwa dubiya suna murmushi. Wannan ya fi ciwon cin ransa.

Ni da yayana, don tsabar wayo, muka faki idonsa muka birkice ɗakin neman sigari, har cikin gafaka da ƙarƙashin buzu. Ɓarin goro busasshe muka samu. Muna juyowa sai ga shi a bakin ƙofa, dafe da bango.

"Har da ku?" in ji shi.

Wallahi na gwammace ya mare ni.

Da muka koma asibiti, wata likita ta tambayi abin da ake ƙonawa kusa da gidanmu. Yayana ya ce babu, ni ma na ce babu. Inna ce ta ce sai dai tayoyin mahauta. Tun kafin a haife ni suke babbaka kai da ƙafa da tsofaffin tayoyi a bayan katangarmu, hayaƙin kuma ta tagar Baba yake shiga. Mun saba har hancinmu ya daina ji. Duk ranar kasuwa su aiko mana da ƙafar saniya, mu sha farfesu muna sa musu albarka. Likitar ta ce ba za ta rantse ba, amma ta nan za ta fara zargi.

Baba bai ga kakar shekarar ba. An mayar da mahautan bayan gari, amma har gobe akwai masu rantsuwa sun taɓa ganinsa da karan sigari.

Abin da na koya shi ne, ba kowane ajali mutum ke saya da kuɗinsa ba. Wani maƙwabta ne ke ba ka kyauta, kana godiya.